Idan x ya hau sama ya ƙi saukowa: wace hanya za ka bi?

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini littafinsa, shafi biyu cike da rubutu, duk a kan tambaya ɗaya: 2^x = 3x (alamar ^ tana nufin x yana sama, a matsayin fawar 2). Ya yi abin da aka koya masa. Ya ɗauki log na kowane ɓangare, ya sami x ln 2 = ln 3 + ln x. Ya sauko da x daga sama, sai ga wani x ɗin ya shige cikin log. Ya warware log ɗin, x ya koma sama. Haka ya yi ta zagaye har ya fara zargin kansa. Laifin ba nasa ba ne. Duk lokacin da x ya kasance a sama a matsayin fawa, kuma ga shi a ƙasa shi kaɗai, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da log ba za su ware shi gefe ɗaya ba, komai ƙwazon mai yi.

Kafin ka yanke hukuncin cewa tambayarka irin wannan ce, duba ta da kyau. Misali 4^x − 5(2^x) + 4 = 0 tana da ban tsoro a ido, amma da zarar ka sa y = 2^x ta zama y² − 5y + 4 = 0, amsa kuwa x = 0 da x = 2. Irin wannan ce ake yawan kawowa a WAEC da NECO, kuma aljabarar aji ta ishe ta. Maganarmu a nan a kan masu taurin kai ce: 2^x = 3x, ko x·e^x = 5 (e lamba ce tsayayyiya, kusan 2.718), ko 2^x + 3^x = 10.

Hanyoyi shida zan gwada, duk a kan 2^x = 3x, don ka ga bambancinsu a fili ɗaya. Tun yanzu ka riƙe cewa tambayar tana da amsa biyu: kusan 0.4578 da kusan 3.3132. Wannan ne ya sa na zaɓe ta.

Abin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi: shin takarda da biro sun isa, ko sai kalkuleta, ko waya da data, ko kwamfuta? Na biyu ƙarko, wato hanyar za ta ci gaba da yi maka aiki idan tambaya ta sauya kama, ko idan babu wuta babu netwok? Na uku sauƙi: me ake bukatar mutum ya sani kafin ya soma? Na huɗu haɗari, kuma shi na fi ba wa nauyi. A irin wannan lissafi, babban haɗari ba kuskuren lamba ta biyar bayan ɗigo ba ne. Babban haɗari shi ne ka sami amsa ɗaya ta gaskiya, ka ja mata layi biyu, alhali akwai 'yar'uwarta da ba ka gani ba. Zan kuma taɓo sauri inda yake da muhimmanci.

Zanen giraf

Ka zana y = 2^x, ka zana y = 3x, ka duba inda suka haɗu. Da hannu ma ana yi: a x = 0, 2^x ya ba da 1, 3x ya ba da 0. A x = 1, 2 ne da 3, ke nan layin ya wuce gaba. A x = 3, 8 ne da 9. A x = 4, 16 ne da 12, an sake juyawa. Ba ka ma gama zanen ba ka riga ka san akwai amsa tsakanin 0 da 1, akwai wata tsakanin 3 da 4.

Kuɗinsa takardar giraf ce, ko manhajar Desmos ko GeoGebra a waya, duka biyun kyauta ne, kuma bayan ka sauke su suna zane ko babu data. Ba ruwansa da siffar tambaya, kowace iri ce zai zana. Da hannu ba za ka wuce lamba ɗaya bayan ɗigo ba, manhaja kuwa kana taɓa mahaɗar za ta nuna maka lambobi uku ko fiye.

Haɗarinsa ɗaya ne: abin da ke wajen allon ba ka ganinsa. Gwada 2^x = x¹⁰. Allon waya zai nuna maka mahaɗa biyu, kusan −0.94 da 1.08, sai ka ce an gama. Akwai ta uku can wajen 58.8, inda 2^x ya cim ma x¹⁰ ya wuce shi. Ido ba zai kai ka can ba, sai sanin cewa fawa mai x a sama, in dai tushenta ya fi 1, komai daɗewa, tana wuce kowace x mai tsayayyiyar fawa.

Raba tazara biyu

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, ko da yake ita ce mafi nawa. Ka mayar da komai gefe ɗaya: f(x) = 2^x − 3x. A x = 3 sakamakon −1 ne, a x = 4 kuma 4 ne. Layin da bai katse ba ba zai tashi daga ƙasa da sifili ya koma sama da sifili ba sai ya ratsa ta kan sifilin. Wannan hujja Bernard Bolzano ya tabbatar da ita a 1817, a kanta hanyar ta tsaya.

Sai ka gwada tsakiya. A 3.5 ka sami 0.81, sama da sifili, ke nan amsa tana tsakanin 3 da 3.5. A 3.25 ka sami −0.24, tana tsakanin 3.25 da 3.5. A 3.375 ka sami 0.25. A 3.3125 ka sami −0.003. Kowane mataki yana rage tazarar da rabi, mataki goma suna mayar da ita kashi ɗaya cikin 1,024, wato kusan lamba uku bayan ɗigo. Lamba huɗu kuwa sai ka yi wajen mataki 14. Sannu ba ta hana zuwa, amma a ɗakin jarrabawa mataki 14 lokaci ne mai yawa.

Kowace kalkuletar kimiyya, komai araharta, ta isa. Ba a bukatar kalkulas. Abin da ya fi burge ni shi ne tana faɗa maka iyakar kuskurenka a kowane mataki, domin amsar tana kulle tsakanin lambobi biyu da ka sani. Inda take gazawa shi ne idan layukan sun taɓa juna kawai ba su ratsa ba. A e^x = e·x amsar ita ce x = 1, amma f(x) ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, don haka babu sauyin alamar da za ka kama. Haka nan da ka fara da 0 da 4 a tambayarmu, duka biyun za su ba ka sakamako sama da sifili, ka zaci babu amsa, alhali guda biyu ne a tsakani.

Maimaita da maɓallin Ans

Ka juya tambayar ta zama x = wani abu mai x, ka sa lamba, abin da ya fito ka mayar da shi ciki. A kalkuleta abin gwanin daɗi ne, domin maɓallin Ans yana riƙe da sakamakon ƙarshe da ta fitar. Danna 3, danna =. Rubuta log(3Ans) ÷ log 2, sai ka yi ta danna =. Za ka ga 3.1699, 3.2494, 3.2851, tana matsowa, bayan danni goma zuwa goma sha biyu ta zauna a 3.3132.

Yanzu juya ta wata siffar: x = 2^x ÷ 3. Idan ka fara da 0 za ka sami 0.3333, 0.4200, 0.4460, 0.4541, har 0.4578. Idan kuwa ka fara da 3.4, kusa da babbar amsa, ga abin da zai fito: 3.52, 3.82, 4.71, 8.72, daga nan ta gudu. Tambaya ɗaya, siffa biyu, kowace siffa tana jawo amsa ɗaya tana korar ɗayar. Dalilin shi ne maimaitawar tana zama ne kawai idan gangaren abin da kake maimaitawa, a daidai wurin amsar, bai kai 1 ba idan an bar alama gefe. A babbar amsa gangaren siffar log kusan 0.44 ne, na ɗaya siffar kuwa kusan 2.3. Hanya ce mai araha da sauƙin danni, amma ba ta da ƙarko: kowace sabuwar tambaya sai ka sake neman siffar da za ta yi.

Hanyar Newton da Raphson

Isaac Newton ya rubuta tushenta a 1669, Joseph Raphson ya buga nasa salon a 1690, Thomas Simpson kuma ya ba ta siffar kalkulas a 1740. Tunanin shi ne: daga inda kake tsaye a kan layin, ka bi gangarensa miƙe har ka taɓa sifili, ka tsaya nan ka sake. A rubuce: sabon x = x − f(x) ÷ f′(x), inda f′(x) shi ne gangaren layin a wurin da kake. A tambayarmu f′(x) = (ln 2)(2^x) − 3.

Fara da 4. Mataki na farko 3.5056, na biyu 3.3330, na uku 3.3134, na huɗu 3.3132. Abin da raba tazara ke yi a mataki 14, wannan ta gama a huɗu, kuma idan ta kusa amsa yawan lambobin da suka yi daidai kusan ninkawa yake a kowane mataki. Ita ma ana yin ta da Ans: danna 4, danna =, rubuta Ans − (2^Ans − 3Ans) ÷ (ln 2 × 2^Ans − 3), ka danna = sau huɗu.

To amma fara da 2 ka gani. A wajen 2.11 layin f(x) ya kwanta, gangarensa sifili ne. A x = 2 gangaren −0.23 ne kawai, ka raba −2 da shi, sai ta jefa ka −6.8. Daga can za ta dawo ta sauka a 0.4578. Fara da 2.2 kuma, ta cilla ka 13, sannan ta yi ta gangarowa a hankali zuwa 3.3132. Tsakanin 2 da 2.2 tazara kaɗan ce, amma amsoshi daban suka fito, kuma babu abin da zai sanar da kai cewa akwai wata. Newton doki ne mai gudu, sai dai yana bukatar wanda ya san inda za a je. Kuɗinta ba ya wuce na kalkuleta, abin da take ci shi ne ilimi: sai ka iya fitar da f′(x) ba kuskure.

Maɓallin SOLVE da manhajoji

Kalkuleta irin Casio fx-991ES PLUS tana da SOLVE, ana samunsa da SHIFT sannan CALC. Hanyar Newton ce a cikinta, don haka ta gaji saurinta ta kuma gaji halinta. Amsa ɗaya take bayarwa a lokaci guda. Ga wurin da ɗalibai ke yawan faɗawa: bayan ka danna SOLVE tana nuna maka ƙimar X da ke ajiye a cikinta, tana jiran ka ba ta mafari. Mai gaggawa sai ya danna = kawai, ta fara daga lambar da ta rage daga lissafin baya. Idan sifili ne a ajiye, 0.4578 za ta ba ka, ba za ta ambaci 3.3132 ba. Ka saba rubuta mafari da kanka, ka gwada aƙalla biyu ko uku masu nisa da juna, ka kuma duba layin L−R da ke ƙasa, wanda ke nuna bambancin hagu da dama. Ya kamata ya zama sifili ko dab da shi.

Ta fi kalkuletar yau da kullum tsada, amma saye ɗaya ne, ba ta cin data, ta asali kuma tana kai mutum daga sakandare har ƙarshen jami'a. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka gwada SOLVE ɗin a gaban mai shago kafin ka biya. Ka kuma tambayi dokar jarrabawar da za ka zauna kafin ka dogara da ita.

Wolfram Alpha kuwa, shafin lissafi na intanet, za ka rubuta masa tambayar kamar yadda take, ya kawo maka amsoshin biyu da zane. Amsa kyauta ce, bayanin mataki-mataki na biyan kuɗi ne, kuma dole sai da intanet. Mai rubuta Python, yaren tsara manhajar kwamfuta, yana da brentq a cikin tarin manhaja mai suna SciPy, hanyar da Richard Brent ya fitar a 1973. Ta haɗa amincin raba tazara da saurin hanyoyi masu tsalle: idan tsalle zai fitar da ita daga tazarar da aka kulle, sai ta koma rabawa. Ita ma sai ka ba ta lambobi biyu masu alama daban, wato aikin zane yana nan bai tafi ba.

W na Lambert

Duk hanyoyin baya lamba suke ba ka. Wannan kaɗai ke ba da amsa a rubuce kamar ƙa'ida. Yadda log yake warware e^x, haka W yake warware x·e^x: idan w·e^w = z, to w = W(z). Johann Lambert ya yi aiki a kan tushen abin a 1758, Leonhard Euler ya ɗora a 1783, amma sunan da harafin W ba su zauna sosai ba sai bayan wata takarda ta 1996 da masana biyar suka rubuta, cikinsu har da Donald Knuth. Shi ya sa malamai da dama da suka yi karatu a da ba su haɗu da shi a aji ba.

Ga yadda ake shigar da tambayarmu. Raba kowane ɓangare da 3(2^x), ka sami x·e^(−x ln 2) = 1/3. Ninka da −ln 2, ka sami (−x ln 2)·e^(−x ln 2) = −(ln 2)/3. Hagu ya zama daidai siffar w·e^w. Ke nan x = −W(−0.2310) ÷ ln 2.

A nan ne kyawunsa yake, kuma saboda wannan nake son kowane ɗalibin kimiyya ya san shi. W ba ya ba da amsa ta zahiri idan z ya gaza −1/e, wato −0.3679. Idan z yana tsakanin −0.3679 da sifili, yana da reshe biyu, W₀ da W₋₁. Daga sifili zuwa sama reshe ɗaya ne. Namu −0.2310 ne, ya faɗa tsakiya, don haka amsa biyu ce tun kafin ka taɓa kalkuleta. W₀ ya ba da −0.3173, wato x = 0.4578. W₋₁ ya ba da −2.2965, wato x = 3.3132. Har ma yana gaya maka labarin dangin tambayar gaba ɗaya: 2^x = kx, idan k ya fi sifili, ba ta da amsa sai k ya kai e·ln 2, kusan 1.884. Shi ya sa 2^x = x ba ta da amsa, 2^x = 2x kuwa tana da 1 da 2. Babu ɗaya daga cikin sauran hanyoyin da zai ba ka wannan a layi biyu.

Aibinsa biyu ne. Kalkuletar makaranta ba ta da maɓallin W, in kana son lambar sai Wolfram Alpha, inda ake kiransa ProductLog, ko lambertw a SciPy, kuma manhajojin W₀ suke bayarwa idan ba ka nemi ɗaya reshen da kanka ba. Na biyu, ƙofarsa ƙunci gare ta. Yana karɓar tambayar da ke da fawa ɗaya da x a miƙe, irin a^x = bx + c, da 'yan kaɗan da ake iya lanƙwasawa su koma haka. Kawo masa 2^x + 3^x = 10, ba shi da abin cewa, raba tazara kuwa nan take za ta kai ka wajen 1.73.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Zanen giraf | Takarda ko manhaja kyauta | Kowace irin tambaya | Mai sauƙi ƙwarai | Amsar da ke wajen allo |
| Raba tazara | Kalkuleta mai araha | Mai ƙarfi, amma a hankali | Ba kalkulas | Layukan da suka taɓa kawai |
| Maimaita da Ans | Kalkuleta mai araha | Rauni gare ta | Danni kawai | Ta gudu daga amsa |
| Newton | Kalkuleta mai araha | Ya danganta da mafari | Sai da kalkulas | Tsalle zuwa wata amsa |
| SOLVE | Kalkuleta mai ɗan tsada | Shekaru, ba data | Mai sauƙi | Amsa ɗaya take nunawa |
| brentq | Kwamfuta, manhaja kyauta | Mai ƙarfi da sauri | Sai ka iya Python | Tana son tazara tun farko |
| W na Lambert | Intanet ko kwamfuta don lamba | Siffa ɗaya kawai | Aljabara mai ɗan wuya | Manta reshe na biyu |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ɗan sakandare da aka ba irin wannan tambaya ya yi teburin ƙimomi, ya zana, ya ƙara raba tazara sau uku ko huɗu. Kada ya wahalar da kansa da W tukuna.

Ɗalibin jami'a ko kwalejin kimiyya da ke ɗakin jarrabawa, ba waya ba intanet, ya kashe minti ɗaya yana gwada x = 0, 1, 2, 3, 4 don ya ga inda alama ke sauyawa, sannan ya saki Newton daga gefen kowace tazara. Idan mataki ya fitar da shi daga tazarar, ya dawo ya raba ta biyu, ya sake farawa. Ni wannan haɗin nake koyarwa, kuma shi zan zaɓa idan aka ce in ɗauki ɗaya. SOLVE ya zama na tabbatar da amsa bayan an gama, domin mai duba takarda matakai yake ba wa maki.

Malamin da ke son ɗalibai su fahimci dalilin amsa biyu ko rashin amsa ya haɗa GeoGebra da W: ya sa 2^x = kx, ya riƙa motsa k daga 1 zuwa 3, su ga da idonsu yadda layin ke taɓa lanƙwasar a 1.884 sannan mahaɗar ta rabe biyu.

Wanda kuma lissafin ya same shi a wurin aiki, ya dubi siffar tambayarsa. Injiniyan sola misali ne na kusa: a lissafin da ke bayyana wutar da faranti ke bayarwa, ƙarfin wutar yana fitowa a waje, yana kuma cikin fawar e, kamar dai x ɗinmu. Wannan siffa W yana karɓarta, shi ya sa pvlib, tarin manhajar Python na masu lissafin sola, take amfani da shi kai tsaye idan ba ka zaɓi wata hanya ba, ta kuma ajiye Newton da brentq a gefe. Idan tambayarka ta shiga siffar W kuma za ka warware ta sau dubbai da lambobi daban-daban, ɗauki W. Idan fawa biyu ne masu tushe daban, ko x ya shiga wurare uku, zana ta sau ɗaya ka gane tazarar, ka miƙa wa brentq.